Yadda za ka auna jami'ar gwamnati kafin ka cike fom ɗin JAMB: ingancin karatu da siyasar cikin makaranta

Duk shekara da an fara sayar da fom ɗin JAMB, tambayoyi iri ɗaya ke zuwa mini daga ɗalibai da iyaye. "Malam, ABU ko BUK?" "Wace jami'a ce ba ta yajin aiki?" "'Yata na son aikin jinya, ina zan kai ta hankalina ya kwanta?" Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na jera matakan da nake bi idan ɗana ne zai shiga. Ka bi su a jere, domin na farko na iya hutar da kai wahalar sauran.

Abin da za ka tanada ba shi da yawa: waya mai data, littafin rubutu, kuɗin mota zuwa garin da jami'ar take da dawowa, da lambar aƙalla mutum uku da ke karatu a can yanzu. Ka ware mako biyu. Wanda ya bari sai yana zaune gaban mai kwamfuta a cibiyar rajista sannan ya fara tunani, mai kwamfutar ne zai zaɓa masa.

1. Fara da kwas, sannan ka rage jami'o'in zuwa uku

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zaɓi suna. Jami'a babba kamar gari ce, wata unguwa ta ci gaba, wata tana fama. ABU ta yi suna a aikin gona da likitancin dabbobi saboda cibiyar binciken noma ta Samaru da cibiyar binciken dabbobi ta Shika. BUK ta yi fice a aikin jarida da harsunan Nijeriya, kuma tana da cibiyar nazarin noman yankuna masu ƙarancin ruwa da Bankin Duniya ya tallafa wa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar binciken makamashi. Wannan duk gaskiya ne, amma ba ya gaya maka komai game da sashen da ɗanka zai zauna shekara huɗu ko biyar.

Rubuta kwas ɗin da ake so, da na biyu idan na farko bai samu ba. Buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a shafinsu, ka fitar da jami'o'in da ke koyar da shi, da darussan da kowacce ke buƙata a WAEC ko NECO. Daga nan ka zaɓi uku: wadda kake buri, wadda kake da kyakkyawan zaton samu, da wadda za ka koma idan duk suka ƙi.

Gargaɗi: jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Ka duba ko jiharka na cikin yankin jami'ar da ka sa ido a kai. Kuma mafi yawan manyan jami'o'i ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓi na farko ba.

2. Tabbatar an tantance kwas ɗin

Wannan matakin shi ne ƙofa. Idan jami'a ta faɗi a nan, ka goge ta daga jerinka komai kyan gininta.

Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a dunƙule ba. Sakamako uku ne. Cikakkiyar amincewa tana aiki shekara biyar. Amincewar wucin gadi shekara biyu ce, ma'ana an ga giɓi a malamai ko kayan aiki an ba da lokaci a gyara. Na uku shi ne a ƙi amincewa, kuma kwas ɗin da aka ƙi ba shi da hurumin ɗaukar sabbin ɗalibai. Ka nemi sakamakon a shafin NUC, ka duba har da shekarar da aka bayar. Cikakkiyar amincewar da ta kusa cika shekara biyar tana nufin masu tantancewa na nan tafe.

Ga kwasa-kwasan sana'a akwai mataki na biyu, kuma nan mutane ke faɗawa rami. Likitanci na ƙarƙashin MDCN, injiniyanci COREN, lauyanci Majalisar Ilimin Shari'a, haɗa magunguna PCN, aikin jinya kuma majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Wasu daga cikin waɗannan, musamman ta likitoci da ta lauyoyi, suna ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta wuce adadinta, ɗalibanta ne ke biyan bashin: ko dai a zubar da rabin aji bayan shekarar farko ko ta biyu a tura su wani kwas, ko su gama su yi ta jiran layin shiga makarantar horar da lauyoyi. A shekarar 2025 JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauyanci a jami'o'i takwas bisa hukuncin Majalisar Ilimin Shari'a, kuma har da na gwamnati a ciki.

Tambayar da za ka yi a ofishin tsangaya gajeriya ce: mutum nawa aka amince muku, mutum nawa kuka ɗauka bara, mutum nawa suka haye aji uku?

Gargaɗi: ka yi hattara da sabon kwas da bai taɓa yaye ɗalibai ba. Izinin fara kwas daban, tantance shi daban, kuma tantancewar ba ta zuwa sai rukunin farko sun yi nisa. Ɗan wani ɗan'uwana ya shiga irin wannan a wata jami'ar jiha, yana murna shi ne na farko. Ya gama, abokansa na wasu sassan suka tafi bautar ƙasa suka dawo, shi yana gida yana jiran takarda.

3. Karanta jerin gwanaye, amma ka san abin da yake aunawa

Zan wuce wannan da sauri don bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Jerin Times Higher Education, wanda BUK da ABU da Ibadan da Legas ke fitowa a ciki, ya fi ba bincike nauyi: yawan maƙalun da malamai suka wallafa da yadda wasu masana ke kafa hujja da su. Kuma jami'a ce ke miƙa bayananta da kanta, wadda ba ta miƙa ba ba za ka gan ta ba. Jerin Webometrics kuwa ya fi karkata ga yadda jami'a ta bayyana a intanet. Idan digiri na biyu ko na uku kake nema, ko kana da niyyar neman tallafin karatu a waje, jerin na da amfani. Idan ɗan shekara sha bakwai ne zai shiga aji ɗaya, babu inda jerin ya nuna ko zai sami kujerar zama a lakca.

4. Shiga cikin sashen

Buɗe shafin sashen ka ƙirga malamai. Farfesa nawa, mai digirin digirgir nawa, mataimakan malamai nawa. Sannan ka kira ɗalibin aji uku ko huɗu ka karanta masa sunayen, ka tambaye shi wa ya taɓa gani a aji. Za ka sha mamaki. Wasu sun tafi hutun bincike, wasu an ba su muƙamin gwamnati, wasu sun bar ƙasar, wasu kuma suna koyarwa a jami'o'i biyu ko uku. Sababbin jami'o'in tarayya da aka buɗe a 2011 da 2013, irin su Dutse, Dutsin-Ma, Kashere, Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa, sun fara ne da dogaro da malaman aro daga tsofaffin jami'o'i. Wasu sassan sun tsaya da ƙafafunsu tun tuni, wasu har yanzu. Ba laifi ba ne malamin aro, amma wanda ke zuwa sau ɗaya a wata ya haɗa lakcar mako huɗu a rana guda ba koyarwa yake ba.

Ga abin da nake tambayar ɗalibai, kuma ba na tambayar ɗan aji ɗaya don shi har yanzu ɗoki ke ɗibarsa. Mutum nawa ne a ajinku? Kwana nawa sakamakon jarrabawa ke ɗauka kafin ya fito, kuma an taɓa shiga sabon zango ba a ga na baya ba? Idan maki ya ɓace, wata nawa ake bi kafin a gyara? A ɗakin gwaje-gwaje da hannunka kake yi ko kallo kuke a tsaye? Ana tilasta sayen takardun malami? Mutum nawa daga rukunin bara suka maimaita shekara saboda darasi ɗaya?

Sai ka nemi wanda ya gama shekara biyu ko uku da suka wuce. Shi zai gaya maka tsawon lokacin da ya jira kafin a tura sunansa bautar ƙasa, da wahalar da ya sha wajen karɓar takardar shaidar digiri da cikakken bayanin makinsa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin mutane da yawa sun rasa guraben karatu a waje don takarda ta ƙi fitowa a kan lokaci.

Gargaɗi: tsohon ɗalibi da ya gama shekara ashirin da suka wuce ba shaida ba ne. Jami'ar da yake yabo ta zamaninsa ce. Ka girmama shi, ka sha shayinsa, amma kada ka rubuta maganarsa a littafinka.

5. Ƙirga watannin da aka rasa

A Nijeriya, siyasar jami'a da kalandar karatu abu ɗaya ne. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki wajen wata biyar da rabi a 2013, wata uku daga Nuwamba 2018 zuwa Fabrairu 2019, wata tara a 2020, sannan wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Idan ka haɗa, sama da shekara biyu ke nan cikin shekara goma. Rigimar ta samo asali ne daga yarjejeniyar 2009 da gwamnatin tarayya, da kuɗin gyaran jami'o'i, da alawus, da tsarin biyan albashi na IPPIS. Ni ba na cikin masu zagin ASUU ido rufe, don gine-ginen TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da za ka gani a kowace jami'a daga gwagwarmayarta suka samo tushe. Amma uba mai biyan hayar ɗakin da babu kowa a ciki wata takwas yana da haƙƙin ya yi lissafi.

Yajin aikin ƙasa baki ɗaya kusan kowa yake shafa, don haka abin dubawa shi ne yadda kowace jami'a ta farfaɗo. Nemi kalandar karatun da majalisar malamai ta amince da ita. Wane zango suke ciki yanzu idan aka kwatanta da shekarar da muke ciki? Sun soke shekara guda ne, ko sun haɗa rukuni biyu na sabbin ɗalibai a aji ɗaya? Haɗa rukuni biyu na nufin cunkoso a lakca da ɗakin kwana har su gama. Idan kuma an matse zango ya koma mako tara ko goma don a cike giɓi, an biya bashin lokaci ne da ingancin karatu.

Jami'ar jiha na da nata ƙarin ciwon. Reshen ASUU na cikin gida kan tafi yajin aiki shi kaɗai idan gwamna ya riƙe albashi ko alawus. Ka rubuta sunan jami'ar tare da kalmar yajin aiki a Google da Hausa da Turanci, ka karanta labaran shekara uku na baya. Ka kuma tuna ba malamai kaɗai ke rufe makaranta ba. Idan SSANU da NASU, ƙungiyoyin ma'aikatan da ba malamai ba, suka ajiye aiki, ruwa da wuta da asibitin makaranta da ofishin jarrabawa duk tsayawa suke.

Gargaɗi: kada ka sayi labarin "wannan jami'ar ba ta yajin aiki" ba tare da ka duba kwanan watansa ba. Jami'ar Ilorin ta shafe shekaru ba ta shiga yajin ASUU bayan korar malamai 49 a 2001, har ta zama wadda aka fi nema a JAMB saboda haka. Daga baya ta koma cikin ƙungiyar, kuma yajin 2020 da na 2022 sun shafe ta kamar kowa. Har yau akwai iyayen da ke tura 'ya'yansu can da tsohon labari.

6. Auna siyasar sama: shugabanci

Shugaban jami'ar tarayya wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar. Ka binciko yaushe na yanzu ya hau. Shekarar da za a naɗa sabo ita ce shekarar takardun ƙorafi da ɓangaranci, wani lokaci har da maganar ɗan ƙasa da baƙo, ko addini. A 2023 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwar jami'o'inta, aka shafe kusan shekara babu su. A Nuwamba 2024 an sauke shugaban Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka kan yadda aka naɗa shi, a Fabrairu 2025 kuma aka sauke shugabar Jami'ar Abuja bayan doguwar taƙaddama. Ɗalibi na iya cewa ina ruwansa. Ruwansa shi ne majalisar malamai da ke cikin rigima ba ta zama a kan lokaci ta amince da sakamako, kuma shugaban riƙo na wata shida ba ya ɗaukar babban mataki.

A jami'ar jiha, gwamna ne uban gayya, don haka zaɓe na iya sauya komai. A Kaduna an ninka kuɗin makarantar jami'ar jihar, KASU, sau da yawa a 2021, gwamnatin da ta biyo baya ta rage a 2023. A Kano ma a 2023 aka zabge rabin kuɗin manyan makarantun jiha. Wanda zai shiga jami'ar jiha ya sa a ransa cewa akwai zaɓe aƙalla ɗaya kafin ya gama, kuma farashin yau ba alkawari ba ne.

7. Auna siyasar ƙasa: rayuwar ɗalibai

Nan ne na fi so a daɗe, don shi ne abin da ba a rubutawa a takardar talla.

Fara da ƙungiyar ɗalibai. Tana nan ko an dakatar da ita? Zaɓe ake yi, ko hukuma ce ke naɗa kwamitin riƙo shekara da shekaru? Wasu iyaye na jin daɗi idan aka ce babu ƙungiya, a ganinsu babu fitina. Ni ba haka nake gani ba. Inda ɗalibai ba su da bakin da zai kai kukan ruwa da wuta da ƙarin kuɗi, fushin taruwa yake har ya fashe rana ɗaya, a ƙone mota, a rufe makaranta, a dawo a ɗora wa kowa kuɗin ɓarna har wanda yana gida ranar. Ka tambaya: zanga-zangar ƙarshe yaushe aka yi, a kan me, yaya ta ƙare? An zauna an sasanta, ko an kori shugabannin? Lokacin da jami'o'in tarayya suka ƙara kuɗin rajista a 2023, Jami'ar Legas ta rage bayan ɗalibai sun fito kuma an tattauna. Yadda jami'arka ta bi da wannan shekarar zai nuna maka halin hukumarta.

Na biyu, 'yancin magana. Akwai jami'o'in da rubutu a Facebook kan lalacewar ɗakin kwana ke kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa. Ka nemi littafin dokokin ɗalibai ka karanta sashen laifuffuka, musamman abin da suka kira ɓata sunan jami'a, ka ga ko akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Haɗarin ma ba daga hukumar makaranta kaɗai yake ba. A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter kan matar shugaban ƙasa na lokacin, sai da aka yi ta surutu kafin a janye ƙarar. Idan yaronka mai kaifin baki ne a waya, ka san shi, ka yi masa magana kafin ya tafi.

Na uku, addini da ƙabila. Kowace jami'a na da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, MSSN, da ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci da ƙungiyoyin jihohi, kuma su ne ke karɓar baƙo su nuna masa hanya. Abin tambaya shi ne yaya suke zama da juna. Zaɓen ƙungiyar ɗalibai kan manufa ake yinsa ko kan masallaci da coci? Wanda yake cikin 'yan tsiraru a wurin, Musulmi a jami'ar kudu ko Kirista a jami'ar arewa, yana da wurin ibada? Ana sa jarrabawa lokacin sallar Juma'a ko safiyar Lahadi? Mece ce dokar sutura, kuma me ta ce kan hijabi da niƙabi, musamman a ɗakin jarrabawa da sassan asibiti? Ka tambayi ɓangarorin biyu. Idan Musulmi kaɗai ka tambaya a Kano, ko Kirista kaɗai a Nsukka, za a ce maka lafiya lau, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da suka gani ke nan.

Na huɗu, ƙungiyoyin asiri da cin zarafin mata. Matsalar ƙungiyoyin asiri ta fi ƙamari a wasu jami'o'in kudu, amma kada ka ɗauka arewa ta tsira, musamman a unguwannin haya na wajen makaranta. Game da malamai masu neman ɗalibai mata, tun bayan da aka ɗaure wani farfesan Jami'ar Obafemi Awolowo a 2018 da binciken BBC na 2019, jami'o'i da dama sun fito da dokoki a rubuce. Rubutu ba shi ne aiki ba. Ka sa mace ta tambayi ɗalibai mata, ba kai ba, don ba za su gaya maka ba: ina ake kai ƙara, kuma an taɓa hukunta wani? Jami'ar da ta kori malami ta sanar ta fi kwantar mini da hankali a kan wadda ta ce ba a taɓa samu ba.

Gargaɗi: zauren WhatsApp na aji ba ɗakinka ba ne. Rikicin addini da ya kai ga kisan wata ɗaliba a kwalejin ilimi a Sakkwato a Mayun 2022, har aka rufe makarantar aka sa dokar hana fita a gari, daga irin wannan zauren ya faro.

8. Je ka gani, ka kwana

Ka je ranar Talata ko Laraba ana tsakiyar zango, ba lokacin hutu ba. Ka tsaya bayan babban ɗakin lakca da ƙarfe takwas na safe ka ga mutum nawa ke tsaye a taga. Ka shiga banɗakin ɗakin kwanan ɗalibai, ka buɗe famfo. Ka karanta allon sanarwa na sashen, can za ka ga sakamakon da aka liƙa da kwanan watansa, da sunayen waɗanda aka kora da dalili. Ka auna nisa: a BUK akwai tsohuwar makaranta da sabuwa a hanyar Gwarzo, a ABU akwai Samaru da Kongo da asibitin Shika, a Sakkwato mazaunin dindindin na wajen gari. Kuɗin motar kullum na iya fin kuɗin rajista a shekara.

Da magariba ka fita unguwar da ɗalibai ke haya, domin gadon cikin makaranta ba ya isa, kuma mafi yawa a waje za su zauna. A nan ne tsaro ke da rauni. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumban 2023 a gidajen haya na Sabon Gida aka ɗauke su, haka ɗalibai mata biyar na Dutsin-Ma a watan da ya biyo baya. A Jos kuma matsalar ta gari ce: rikicin Agustan 2021 ya sa an dakatar da karatu, jihohi suka riƙa tura motoci suna kwashe 'ya'yansu. Ka tambayi mai shayi da ɗan acaɓa ƙarfe nawa ake daina fita, su ba su da abin karewa. Ka tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai ko ana ba 'yan aji ɗaya fifiko a gado, kuma me ke faruwa a aji biyu.

Kada ka manta da hanyar gida. Jami'a na iya zama lafiya amma titin da za a bi sau shida a shekara ya zama shi ne abin tsoro.

9. Lissafa kuɗi da ƙarin shekara guda

Fom ɗin JAMB bai kai naira dubu goma ba a 2024 da 2025, kuma kuɗin tantancewar bayan JAMB an ƙayyade shi a naira 2,000. Waɗannan ƙanana ne. Manyan su ne kuɗin karɓar gurbi inda ake biya, kuɗin rajista wanda ya bambanta tsakanin sassa, kuɗin sashe da na tsangaya, gado ko haya, abinci, mota, da kayan aiki ga masu zanen gini ko likitanci. A jami'ar jiha ka duba farashin ɗan jiha da na baƙo, tazarar na da girma. Ka karɓi jadawalin bana daga shafin jami'ar, kada ka yi aiki da na bara.

Jimillar kuɗin da ka lissafa na shekara ɗaya, ka ninka shi da shekarun kwas ɗin, ka ƙara shekara ɗaya. Idan ba a yi yajin aiki ba, ribarka ce.

Asusun lamunin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa, kuma ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ka tambayi ɗalibai ko jami'ar na tura bayanansu a kan lokaci, kuma idan mutum ya riga ya biya da kuɗinsa kafin lamunin ya iso, ana mayar masa?

Gargaɗi: duk gurbin da bai bayyana a manhajar CAPS ta JAMB ba, ba gurbi ba ne, ko wa ya ba ka takardar. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar JAMB zai gamu da matsala ranar tafiya bautar ƙasa. Kada ka ba kowa kuɗi don ya "saka suna".

10. Yanke hukunci

Raba shafi gida uku, jami'a ɗaya a kowane gida. Da farko ka cire duk wadda ta faɗi a abin da ba a ciniki a kansa: kwas da ba a tantance ba, wuce adadin da hukumar sana'a ta amince, ko unguwar ɗalibai da aka kai wa hari kwanan nan kuma babu gado a ciki. Abin da ya rage sai ka auna shi da wanda zai yi karatun, don nauyin ba ɗaya ba ne ga kowa.

Mai neman likitanci ya fi buƙatar asibitin koyarwa mai marasa lafiya da ƙwararru, ko da kalandar ta ɗan karkace, domin abin da bai gani a asibiti ba ba zai koye shi a littafi ba. Wanda ya riga ya kai shekara ashirin da huɗu ya sa kalanda a gaba da komai, tunda wanda ya haura talatin ranar kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma kamfanoni da yawa na sa iyakar shekaru a ɗaukar sabbin ma'aikata. Yarinyar da ba ta taɓa barin gida ba, ni gadon cikin makaranta da hukuma mai sauraron ƙara nake fara duba mata kafin sunan jami'a. Mai sha'awar shari'a ko siyasa ko jarida kuwa, makarantar da ake muhawara da zaɓe na gaske wani ɓangare ne na karatunsa, kuma wurin da aka rufe bakin kowa zai tauye shi ko da an gama a shekara huɗu cif.

Idan biyu suka yi kunnen doki, ɗauki wadda makinka ya fi kusa da abin da sashen ya tsaya a kai bara. Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa, 140 a 2024 da 150 a 2025, ƙasan rijiya ne kawai, sassan da ake rububi suna tsayawa nesa da shi. Bayan sakamako ya fito, idan makin bai kai ba, JAMB na ba da damar sauya jami'a ko kwas a kan naira 2,500 ban da ladan cibiyar. Ka yi shi da wuri, kafin jami'a ta biyu da ke littafinka ta rufe rajistar tantancewarta.